Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya: Sarautarsa, Hijirarsa da Gadon da Ya Bar Mana a Bakin Nilu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ɗalibai da yawa a makarantunmu na Jazira da Sinnar da Nilul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, sun tashi suna jin sunan Attahiru a bakin dattawa, wasu ma da sunansa aka raɗa musu, amma in aka tambaye su wane ne shi, amsar ba ta wuce cewa shi ne wanda Nasara suka kashe a Burmi. 'Yan'uwanmu na Najeriya da Nijar kuwa da yawansu sun san ƙarshen labarin a Burmi, ba su san cewa labarin ya ci gaba har bakin wannan kogi ba. Saboda haka muka ga ya dace mu tattara abin da ya tabbata game da wannan sarki, mu faɗi abin da aka yaba masa da abin da aka yi saɓani a kai, domin mai karatu ya san asalin zaman jama'a da yawa a wannan yanki.

Nasabarsa da hawansa sarauta

Sunansa Muhammadu Attahiru ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Mahaifinsa ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866. Attahiru ya zauna a Cimola, ɗaya daga cikin garuruwan ribaɗi da ke arewa da Sakkwato. In aka fara ƙidaya daga Shehu, shi ne na goma sha biyu a jerin Sarakunan Musulmi.

Ya hau ne a watan Oktoba na 1902, daidai da Rajab 1320 bayan hijira, bayan rasuwar baffansa Abdurrahman ɗan Atiku, wanda ya yi mulki daga 1891. Masu zaɓen sarki sun fifita shi a kan wani mai suna irin nasa, Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba na gidan Bello. Wannan ne dalilin da ya sa littattafai ke cewa Attahiru na ɗaya da Attahiru na biyu, kuma ɗalibi ya kula kada ya haɗa su.

Halin da ya sami daula

Daular da ya gada ta riga ta raunana daga ciki, an kuma kewaye ta daga waje. Daga ciki, basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukur da Yusufawa ta rage kwarjinin Sakkwato, domin wanda Sarkin Musulmi ya naɗa shi aka kayar, aka kuma wayi gari dole a amince da Aliyu Babba, wanda Kanawa ke kira Alu. Daga waje kuwa, Faransawa sun ci Damagaram tun 1899, Jamusawa suna cin arewacin Adamawa, Ingilishi a ƙarƙashin Lugga sun ci Bida da Kwantagora a farkon 1901, Yola a Satumba na wannan shekara, Bauchi a Fabrairu 1902, sannan suka kama Sarkin Zazzau Kwasau kafin shekarar ta ƙare. Kowace masarauta ta fuskanci baƙin ita kaɗai, domin tsarin daular bai tanadi runduna guda tsayayya da za a tura ko'ina ba.

A watan da Attahiru ya hau, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, wakilin Ingilishi, ya gudu Kano aka karɓe shi. Lugga ya riƙi wannan hujjar tasar wa Kano. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kano ta faɗi, alhali Sarki Alu yana hanyar komowa daga Sakkwato inda ya je mubaya'a. A ƙarshen watan aka gwabza da sauran rundunar Kano kusa da Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. Alu kuwa an kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Shawarwari uku

Da labarin Kano ya iso, fadar Sakkwato ta kasu uku. Wasu suka ce a yi yaƙi, wasu suka ce a nemi sulhu, wasu suka ce a yi hijira a bar musu ƙasar. Kowane ɓangare yana da malamai da hujja, kuma fahimtar wannan saɓani ita ce mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya.

Masu ra'ayin hijira sun dogara da aya ta 97 zuwa ta 100 a Suratun Nisa'i, inda aka zargi wanda ya zauna a inda ake danne addininsa alhali yana da ikon fita, aka kuma yi rangwame ga raunana. Sun dogara da aikin Shehu kansa, wanda ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ya kuma wallafa Bayanu Wujubil Hijra a 1806. A mazhabar Malikiyya akwai fatawar Wansharisi ta ƙarshen ƙarni na 15, wadda ta wajabta wa Musulmin Andalus barin ƙasarsu bayan Kiristoci sun cinye ta. Alƙali Abdullahi ɗan Ali ya rubuta risala a wannan lokaci yana ƙarfafa hijira, yana ganin sulhu da wanda ya fi ka ƙarfi ƙarshensa shi ne hukuncinsa ya hau kan naka.

Akwai kuma wani abu da ya daɗe a zukatan jama'a. An ruwaito cewa Shehu ya yi bushara jama'arsa za ta ƙaura zuwa gabas, wajen Nilu, ta haɗu da Mahadi. Shehu da kansa ya rubuta cewa shi ba Mahadi ba ne, amma maganar ƙaurar ta zauna. Sau da yawa a ƙarni na 19 mutane sun tashi za su tafi, hukuma ta tsayar da su. Nana Maryam 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa tana bayyana cewa lokacin bai yi ba tukuna. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, ya yi mubaya'a ga Muhammadu Ahmad Mahadin Sudan ta hanyar wasiƙa, ya kafa sansani a Balda ta ƙasar Adamawa, ya haɗa kai da Rabe, aka kashe shi a 1898. To da Nasara suka zo, mutane da yawa sun ɗauka alamar da ake jira ce ta bayyana.

Sarkin Musulmi Attahiru ya karkata ga hijira tun farko, amma masu cewa ba a barin garin Shehu ba tare da an ɗaga takobi ba suka rinjaya.

Ranar Giginya

Ranar 15 ga Maris 1903, a tsakiyar Zulhajji 1320, rundunar Sakkwato ta fito bayan ganuwa, a filin da ake kira Giginya. Sarkin Musulmi yana tsakiya, ɗan'uwansa Marafa Muhammadu Maiturare yana riƙe da ɓangare guda, Sarkin Rabah Ibrahim yana riƙe da ɗayan. Sojan Ingilishi a ƙarƙashin Kanar Molan ba su kai dubu ba, kuma mafi yawansu 'yan ƙasa ne, Turawa 'yan kaɗan suna ba da umarni. Amma suna da bindigogi masu ruwa da igwa, waɗanda ke kai wa mutum tun kibiyarsa ba ta isa ba. Yaƙin bai wuce 'yan sa'o'i ba. Wasu mutane suka tsaya a gindin tuta suka ƙi gusawa har aka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Sauran runduna ta watse, Sarkin Musulmi ya nufi gabas.

Waziri Muhammadu Buhari ya fita da jama'a zuwa Marnona, ya yi shawara da malamai, sannan ya komo. Ranar 21 ga Maris Lugga ya naɗa Attahiru ɗan Aliyu Babba, ya kuma bayyana wa manyan gari cewa daga ranar ikon naɗa sarki da tuɓe shi da sanya haraji ya koma hannun Ingilishi, tare da alkawarin ba za a taɓa addini ba. Daga baya Waziri ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana uzurinsa. Hujjarsa ita ce Shari'a ta yi rangwamen mu'amala ta zahiri ga wanda ya ji tsoron halaka, kamar yadda malamai suka fahimta daga aya ta 28 a Suratu Ali Imrana da ta 106 a Suratun Nahli, matuƙar zuciya ba ta miƙa wuya ba, kuma ba a hana salla da azumi da hukuncin alƙalai ba. Ya kuma ga cewa in malamai da shugabanni duk suka tafi, raunanan da ba za su iya tafiya ba za a bar su babu mai koyar da su. Wannan ra'ayi ma yana da asali a mazhaba, domin Imamu Maziri ya yi sassauci ga Musulmin Siƙilliya da alƙalansu da suka zauna ƙarƙashin Kiristoci bisa larura.

Tafiya zuwa Burmi

Attahiru ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau, ya nufi gabas. Abin da ya faru a hanya ya firgita Ingilishi fiye da yaƙin Giginya. Duk inda ya bi sai mutane su bar gidajensu su bi shi, masu sarauta da malamai da talakawa, maza da mata, da dabbobinsu da abin da suka iya ɗauka. Rahotannin jami'ansu sun nuna garuruwa sun kusa zama kufai, ga damina tana shigowa. Cikin manyan da suka haɗu da shi akwai Sarkin Misau Ahmadu, da Etsu Nupe Abubakar wanda aka kora daga Bida, da Magajin Keffi, da jama'ar Tijjaniyya ta Alhaji Umaru Futi waɗanda Faransawa suka koro daga Segu, cikinsu har da Alfa Hashim.

Attahiru ya aika wa Ingilishi cewa ba ya neman faɗa, hanya kawai yake so ya wuce. Ba su yarda ba. A ganinsu, muddin Sarkin Musulmin da jama'a ta yi wa mubaya'a yana raye, wanda suka naɗa ba shi da daraja, kuma ƙasar da manomanta suka tashi ba ta da amfani ga mai neman haraji. Sai suka sa rundunoni suka bi shi ta ko'ina.

Burmi gari ne mai ganuwa kusa da kogin Gongola, a ƙasar Gombe, ba nisa da Dutsen Bima wanda jama'a ke dangantawa da labaran ƙarshen zamani. Mutanen garin mabiya Malam Jibrilla Gaini ne, mai da'awar Mahadiyya, wanda Ingilishi suka kama a 1902. Ranar 13 ga Mayu 1903 mutanen Burmi suka fatattaki rundunar Kyaftin Sod, ta ja da baya zuwa Bauchi. Ingilishi suka tara sabuwar runduna. Ranar 27 ga Yuli 1903, a farkon Jimada Awwal 1321, aka yini ana yaƙi har cikin gari. Shugaban rundunar, Manjo Mash, kibiya mai dafi ta kashe shi. Fiye da mutum 600 na jama'ar suka kwanta, cikinsu har da Sarkin Musulmi, wanda aka sami gawarsa tsakanin gawarwakin waɗanda suka kewaye shi. Aka sare kansa aka ɗauki hotonsa, aka yaɗa don mutane su tabbata ya mutu. Kufan garin yana nan kusa da Bajoga a Jihar Gombe ta yau. Tutar da aka ƙwace a wurin ta zauna a hannun soja har 1960, sa'ad da aka mayar da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na uku.

Ke nan zamansa a Sakkwato wata biyar ne, daga hawansa zuwa rasuwarsa kuwa wata tara.

Daga Burmi zuwa Mai Wurno

Waɗanda suka tsira sun rabu. Wasu suka koma garuruwansu, wasu suka ci gaba. Alfa Hashim ya kai Madina, ya zama malamin da alhazan ƙasashenmu ke sauka wurinsa, ya rasu a can a 1931. Babban ayari kuwa ya bi ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno. Masu tarihi da dama suna ambaton kimanin mutum 25,000. Sun nufi gabas a kan tsohuwar hanyar alhazai, wadda ke ratsa ƙasashen Tafkin Cadi da Wadai da Darfur da Kurdufan, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su sami guzuri, sannan su ƙara gaba. Wajen 1906 suka iso Nilul Azraƙ, suka sauka a Shaikh Ɗalha, garin da wani malami Bafillace ya kafa tun ƙarni na 19 a gaɓar gabas. Daga nan Mai Wurno ya ƙetare zuwa gaɓar yamma ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa har yau, tafiya kaɗan kudu da Sinnar.

Abin da ɗalibi zai tsaya ya lura da shi a nan shi ne ƙasar da suka iso. Daular Mahadiyya ta riga ta faɗi a yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba 1898, an kashe Halifa Abdullahi a Nuwamba 1899, kuma Sudan tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar, wanda a aikace Ingilishi ne ke riƙe da shi. Jama'ar da ta bar Sakkwato don kada ta zauna ƙarƙashin Nasara ta yi tafiyar shekaru ta sauka ƙarƙashin Nasaran nan dai. Hukumar Hartum kuwa ta yi maraba da su, domin yaƙe-yaƙe da yunwar shekarar 1306 ta hijira sun rage mutanen wannan yanki, ana neman masu noma. Aka ba Mai Wurno ƙasa, aka amince da shi a matsayin sarkin jama'arsa. Ya riƙa tura mutane suna kafa ƙauyuka a bakin kogi zuwa kudu, wajen Rusairis, da bakin Dindir da Rahad. Garinsa ya zama zangon alhazai masu zuwa daga yamma kafin su wuce Sawakin ko Bur Sudan su ƙetare teku.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira. Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda mutanen ƙasa ke haɗawa su kira Fallata ko Takari, su ne suka ɗauki kaso mai yawa na aikin haƙa hanyoyin ruwa da shuka da cirar auduga. Mafi yawan hawasha, wato gonar da hukumar aikin ke rabawa, ta tafi ga masu ƙasa na asali, mutanenmu da yawa suka zauna a kambo a gefen gonaki suna ƙodago ko noman raba-daidai. Ingilishi sun kuma ga amfanin Mai Wurno ta wata fuska: suna tsoron mutanen yamma da ke tururuwa zuwa tsibirin Aba wurin Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi, sai suka ɗauki gidan Mai Wurno a matsayin abin da zai rage wannan kwarara. Mai Wurno ya rasu a 1944, ɗansa Muhammadu Ɗahir ya gaje shi.

Ya kamata a sani cewa ba duk Bahaushen Sudan ne zuriyar mutanen Burmi ba. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo tun zamanin daular Funj ta Sinnar, wadda ta ɗore daga 1504 zuwa 1821, akwai kuma da yawa da suka zo bayan an buɗe Jazira da niyyar hajji. Amma hijirar Attahiru ce ta ba wannan zama shugabanci da suna da wurin sauka.

Abin da aka yaba masa

Na farko, ya cika alkawarin mubaya'a. Ya ga abin da ya sami Bida da Yola da Kano, ya san ƙarfin da ke gabansa, duk da haka bai karɓi sanda daga hannun wanda ya ci ƙasarsa ba. Shi ne Sarkin Musulmi na ƙarshe da masu zaɓe suka naɗa kafin Ingilishi su ci Sakkwato.

Na biyu, aikinsa yana kan hujjar ilimi. Ya bi fatawa sananniya a mazhabarsa da koyarwar kakansa, ya kuma nemi ya wuce ba tare da zubar da jini ba. Alhakin jinin Burmi yana kan waɗanda suka bi masu ƙaura suka tare musu hanya.

Na uku, hijirarsa ta haifar da al'umma. Ƙauyukan da aka kafa sun riƙe makarantun allo da karatun littattafan fiƙihun Malikiyya da rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello, sun riƙe Hausa da Fulatanci fiye da shekara ɗari a tsakiyar masu magana da Larabci, har masana irin su Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Hartum suka wallafa littattafai a kan yadda harsunan biyu suka rayu a nan. Sun ciyar da alhazai, sun noma dawa da gyaɗa da auduga da suka amfani Sudan baki ɗaya.

Abin da aka yi saɓani a kai

Na farko, rashin tsayawa a kan shawara guda. Ba a yi shirin hijira sosai ba, ba a kuma yi shirin yaƙi sosai ba. An fito fili an tari bindiga mai ruwa da doki da mashi, alhali labarin abin da ta yi a wasu garuruwa ya riga ya iso. Masu ba shi uzuri suna cewa wata biyar ba ta isa gyaran abin da ya lalace cikin shekaru ba, kuma wannan magana tana da nauyi.

Na biyu, wahalar da ta faɗa kan talakawa. Mutane sun bar gonaki a bakin damina, iyalai sun rabu, da yawa sun mutu a hanya ba su ga Burmi ba balle Nilu. Ayar hijira da kanta ta ɗauke wa raunana wajibci, kuma tambayar da Waziri Buhari ya yi, wa za a bar wa waɗanda ba su iya tafiya, tambaya ce ta fiƙihu da ba a iya tsallake ta.

Na uku, cakuɗuwar hijirar Shari'a da zaton ƙarshen zamani. Da yawa cikin mabiyan sun fita ne da yaƙinin cewa Mahadi na jiran su a gabas. Wannan zato bai tabbata ba. Darasin da ke ciki ga ɗalibi shi ne a rarrabe hukuncin da aka gina a kan nassi da ƙa'ida, da abin da aka gina a kan bushara da lissafin lokaci, domin sanin gaibu na Allah ne shi kaɗai.

Na huɗu, sakamakon a nan Sudan. Ɗan wanda ya ƙi karɓar sanda a Sakkwato ya yi aiki da hukumar Ingilishi a Sinnar, wato larurar da ta sa Waziri ya koma ita ce ta riski masu hijira a ƙarshen tafiyarsu. A can gida ma, ɗan'uwansa Maiturare da ya yi yaƙi a Giginya ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924 a ƙarƙashin Ingilishi. Waɗanda suka zauna sun tsare kotunan alƙalai da masallatai da makarantu, amma su ma sun biya farashi, domin a 1906 sarautar Sakkwato tana gefen Ingilishi sa'ad da aka shafe garin Satiru. Babu ɓangaren da ya fita ba tabo.

Na biyar, mas'alar zama ɗan ƙasa. Dokar ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta sharɗanta cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba su kasance mazauna ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Wanda kakansa ya iso a 1906 ya faɗa wajen wannan iyaka, ko da a nan aka haifi shi da ubansa. An sassauta sharaɗin daga baya, dokar 1994 ta mayar da shi farkon 1956, amma kallon baƙo bai gushe da canjin doka ba. Wani ɓangare na wannan yana komawa gare mu, domin dattawa da yawa sun daɗe suna kiran kansu matafiya a kan hanyar Makka, ba su damu da takardar ƙasa ko rajistar gona ko karatun 'ya'ya a makarantun hukuma ba. Rikicin Jihar Nilul Azraƙ na 2022, wanda ya taso a kan maganar sarauta da ƙasa ya kuma ci ɗaruruwan rayuka a Rusairis da Wad al-Mahi da kewayensu, ya nuna cewa wannan mas'ala tana nan da ranta.

Abin da muke ɗauka

Ya ku 'yan'uwa, mazhabar ma'abota ilimi a irin wannan ita ce insafi. Attahiru da Waziri Buhari duka sun yi ijtihadi a cikin musiba da ba su taɓa ganin irinta ba, kuma ya tabbata a Sunna cewa shugaban da ya yi ijtihadi yana da lada ko ya dace ko ya kuskure. Saboda haka ba ya halatta zuriyar masu hijira ta riƙa kiran waɗanda suka zauna maciya amana, haka ba ya halatta zuriyar waɗanda suka zauna ta riƙa kiran masu hijira 'yan gudu. Mu da ke bakin Nilu da 'yan'uwanmu da ke Sakkwato da Kano da Misau da Bida jini ɗaya ne da karatu ɗaya.

Ga ɗalibanmu kuwa muna ba da shawara uku. Su zauna da dattawan ƙauyukansu su rubuta daga ina kakanni suka taso, ta ina suka bi, a wace shekara suka sauka, tun masu sanin ba su ƙare ba, musamman yanzu da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa gidaje da yawa a Jazira da Sinnar. Su tsare littattafai da wasiƙun da ke cikin gafakan gidajensu, su ɗauki hotonsu. Su kuma tsaya a kan haƙƙinsu na 'yan ƙasa ta hanyar doka da ilimi da kyakkyawar maƙwabtaka, domin ƙasar da kakanninka suka share dajinta, aka binne su a cikinta, ƙasarka ce.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Attahiru da waɗanda suka kwanta tare da shi a Giginya da Burmi, da waɗanda suka rasu a hanya ba a san kabarinsu ba, ya gafarta wa waɗanda suka tafi da waɗanda suka zauna. Allah ya kawo zaman lafiya a Sudan da Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Musulmi. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.